Ƙashin Baya da Motsin Jiki: Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Sakkwato

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa a bakin masu ciwon baya da masu jinyarsu, daga 'yan kabu-kabu da 'yan dako har matan gida da ma'aikatan ofis. An fara da ginin jikin kansa, sannan aka gangaro kan ciwo da haɗari. Bayani ne don mutum ya san jikinsa, ba ya hana zuwa asibiti.

Malam, ƙashin baya ƙashi ɗaya ne dogo, ko kuwa?

Ba ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, an ɗora wani bisa wani tun daga ƙeya har mazaunai. Guda 7 suna wuya. Guda 12 suna gadon baya, kowannensu riƙe da haƙarƙari biyu, dama da hagu. Guda 5 suna tsatso, su ne mafiya kauri don su ke ɗauke da nauyin duk abin da ke sama da su. Waɗannan 24 su ne masu motsi. Ƙasa da su akwai wasu 5 da ke haɗewa su zama ƙashi ɗaya mai faɗi idan mutum ya girma, sai 'yan ƙanana 4 a can ƙarshe, wato ƙashin wutsiya, wanda ke hana mutum zama idan ya faɗi da mazaunai.

Likitoci suna ba su lamba: na wuya C1 zuwa C7, na gadon baya T1 zuwa T12, na tsatso L1 zuwa L5. Idan ka karɓo sakamakon hoto ka ga an rubuta L4/L5, kada gabanka ya faɗi. Wuri kawai ake nunawa, tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar a tsatso.

Mai son gani da ido ya tsaya kusa da mahauci ranar Layya lokacin da ake sarar gadon bayan rago. Ɗauki guntu ɗaya ka duba. Za ka ga dunƙulen ƙashi mai kauri, kusa da shi rami zagayayye, sannan 'yan tsinaye da nama ke manne musu. Farin abin nan mai laushi da ke cikin ramin shi ne laka. Farin guringuntsi mai tauri da ke tsakanin dunƙule da dunƙule kuma shi ne faifai. Namu ma haka yake. Har ma ƙasusuwan wuyan rago 7 ne kamar na mutum, haka na raƙumi duk tsawon wuyansa.

To mene ne bambancin ƙashin baya da laka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Ƙashi gida ne, laka ce mai gidan. Laka ci gaban ƙwaƙwalwa ce, ta fito daga ƙasan ƙoƙon kai ta bi ta cikin ramin ƙasusuwan. Tsawonta a babban mutum kamar santimita 45 ne, kaurinta kuwa bai wuce ƙaramin yatsa ba. Jijiyoyi 31 ke fita daga kowane gefenta, dama da hagu, kuma jijiyoyin saƙo ake nufi, ba na jini ba. Na wuya suna zuwa hannuwa, na gadon baya suna zagaya ƙirji da ciki, na tsatso da ƙasa suna sauka ƙafafu, mafitsara, dubura da al'aura.

Laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. Tana tsayawa wajen L1 ko L2, daga nan jijiyoyin su ci gaba a tsefe, abin da likitoci ke kira wutsiyar doki. A riƙe wannan, zai yi amfani a amsar allurar baya.

Ƙashi idan ya karye yana ɗoruwa. Tsoka idan ta yage tana haɗewa. Faifai ma yakan lafa. Amma laka idan ta tsinke ba ta komawa yadda take. Don haka yawancin ciwon baya bai kai abin tsoron da ake yi masa ba, ɗan kaɗan ɗin da ya taɓa laka kuwa ya fi ƙarfin sakacin da ake yi da shi.

Me ya sa baya bai miƙe sak ba? Ko nawa ne ya lanƙwashe?

Kowa haka nasa yake. Idan aka dubi mutum ta gefe, wuya ya ɗan lotsa ciki, gadon baya ya ɗan turo, tsatso ya sake lotsawa. Wannan lanƙwasa ce ke shanye jijjiga a tafiya da gudu. Jariri ba a haife shi da ita duka ba: ta wuya tana fitowa sa'ad da ya fara ɗaga kai, ta tsatso kuma sa'ad da ya fara tsayuwa da tafiya. Ta baya ne ya kamata a ga ƙashin a miƙe. Idan ya karkace gefe, duba amsar doro.

Mene ne faifan nan da ake cewa ya goce?

Faifai 23 ne a tsakanin ƙasusuwan, kuma aikinsu irin na gammo ne tsakanin kai da kaya. Kowanne yana da ɓawo mai tauri a waje, da wani abu mai danƙo da ruwa-ruwa a tsakiya. Da rana nauyin jiki yana matse ruwan, da dare idan an kwanta ya sake tsotsa. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da asuba da kamar santimita 1 zuwa 2 a kan yadda yake da magariba.

Faifai ba ya zamewa ya bar wurinsa yadda mutane ke zato, don a manne yake gam da ƙashin sama da na ƙasa. Ɓawon ne ke tsagewa, na cikin ya bulluƙo ya taɓa jijiya. Mafi yawa hakan na faruwa a faifai biyu na can ƙasan tsatso. Saboda haka duk wanda ya ce zai danna maka shi da hannu ya koma wurinsa, bai san abin da yake faɗa ba. Jiki da kansa yakan shanye abin da ya bulluƙo a hankali cikin watanni.

Wani abu da ba a cika sani ba: faifan babban mutum ba shi da jijiyar jini a tsakiyarsa. Abincinsa yana ratsowa ne daga ƙasusuwan da ke maƙwabtaka da shi, kuma matsewa da sakewar da motsi ke kawowa na taimaka wa hakan. Shan taba kuwa yana rage masa wannan ɗan abincin.

Yaya ake yi mutum ya yi niyyar ɗaga ƙafa, sai ta ɗagu?

Ƙwaƙwalwa ke tura saƙo, ya sauko ta laka, ya fita ta jijiya, ya isa tsoka, tsoka ta tsuke ta ja ƙashi, ƙashi ya juya a gaɓa. A manyan jijiyoyi saƙon yakan yi gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa, don haka bibbiyu suke aiki: ta gaban damtse ta lanƙwasa hannu, ta bayansa ta miƙe shi. Baya ma haka, tsokar baya da ta ciki ne ke riƙe da shi gaba da baya. Mai sakakken tumbi ya bar wa tsokar bayansa aikin mutum biyu.

Akwai motsin da laka ke yanke hukuncinsa ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. Wanda ya taka garwashi yana janye ƙafa kafin ya san abin da ya taka. Irin wannan hanya ce likita ke gwadawa idan ya buga maka 'yar guduma a ƙasan gwiwa. Shan inna kuma, da ta gurgunta yara da yawa a ƙasar nan kafin a bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta a watan Agustan 2020, ƙwayoyin laka masu aika saƙo ga tsoka take kashewa. Shi ya sa ƙafar ke shanyewa ta rame alhali yaron yana jin taɓi.

Wane sashe ne ke yin wane motsi?

Wuya ya fi ko'ina sakewa. Gyaɗa kai yana faruwa ne tsakanin ƙoƙon kai da C1, kusan rabin waiwaye kuma tsakanin C1 da C2, kamar a sallamar salla. Gadon baya yana iya murɗawa amma ba ya sunkuyawa sosai, haƙarƙari sun ɗaure shi. Tsatso yana sunkuyawa yana miƙewa, amma murɗawa kaɗan yake yi. Ruku'u mai kyau, wanda baya ke shimfiɗewa, yawancinsa daga gaɓar kwankwaso yake zuwa ba daga tsatso ba. Wanda ciwo ya hana shi ruku'u da sujada, shari'a ta yi masa sauƙi ya yi a zaune, ya tambayi malaminsa yadda ake yi.

Ni dako nake yi a Babbar Kasuwa. Ɗaukar kaya ne zai kashe mini baya?

Ɗan'uwa, baya don ɗauka aka gina shi, kuma wanda ya saba aiki ya fi mai zaman banza ƙarfin ƙashi da tsoka. Abin da ke kawo rauni shi ne kaya fiye da ƙima, da gajiya, da fizga. Buhun siminti kilo 50 ne. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Dubi ɗan ga-ruwa yana sauke jarka daga kura: idan ya tsaya nesa ya miƙa hannu ya sunkuya ya fizgo ta yana juyawa gefe lokaci guda, ya haɗa wa tsatso sunkuyo da murɗa da nauyi, abubuwa ukun da ba ya son a haɗa masa. Wanda ya matso jikin kurar, ya ɗan durƙusa, ya jawo jarkar ta manne da cinyarsa, ya juya da ƙafafu, shi ne zai daɗe a sana'ar.

Kayan da ake ɗauka a ka suna da tasu fa'ida, don nauyin yana sauka daidai kan ƙashin baya. Wuya ne ke biyan kuɗin. Buhun albasa a ka, ga tuntuɓe, wannan yana iya karya wuya nan take. Neman a ɗora maka, a kuma sauke maka, ba ragwanci ba ne.

Ni kuma ɗan kabu-kabu ne. Idan baya ya riƙe, kwanciya zan yi har ya saki?

Kwana ɗaya ko biyu idan ciwon ya yi tsanani, to. Fiye da haka kwanciya ƙara riƙe bayan take yi, tsoka ta saki, ciwon ya daɗe. Tashi ka riƙa takawa gwargwadon iko. Matsalar mai babur dogon zama ne wuri ɗaya, da jijjiga, da ramukan hanya, musamman masu shiga ƙauyukan Kware, Wamakko da Bodinga. Idan ka ajiye fasinja, sauka ka miƙe, ka ɗan taka. Ma'aikacin ofis da tela da mai saƙar hula duk maganarsu ɗaya ce. Babu wani zama na musamman da ke da tsarki. Daɗewa a zama ɗaya ne aibin.

Hattara da ƙullin magungunan da ake haɗawa a kemis. Diclofenac da ibuprofen suna rage ciwo, amma shan su kullum, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ga ƙarancin shan ruwa, yana taɓa ƙoda yana kuma kawo gyambon ciki. Tiramol kuwa ya kama matasa da yawa da suka fara shi da sunan ƙarfin aiki.

An ce mini basir ne, wani ya ce sanyi ne, wani ya ce zahi. Wanne ne gaskiya?

A garin nan duk ciwon da ya rasa uba sai a ba basir. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, ba ya hawa tsatso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon tsatso a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba wata cuta takamaimai ce ta kawo shi ba, daga tsoka da gaɓoɓi da jijiyoyin ɗauri yake, kuma yakan yi sauƙi cikin 'yan makonni.

Sai dai akwai ciwon da ba na bayan ba ne amma a baya ake jin sa. Ƙoda tana ciwo a gefe, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, sau da yawa da zazzaɓi ko zafin fitsari. Ciwon mara na mata yana zagayowa ƙugu. Mai sikila kuma ciwon bayansa na iya zama tashin ciwonsa ne.

Ciwon yana tasowa daga ɗuwawu ya bi bayan cinya har ƙafa. Mene ne wannan?

Alamar an taɓa jijiya ce, yawanci saboda faifai, kamar yadda aka yi bayani a sama. Jijiyar da ta fi kowace girma a jiki daga ƙasan tsatso take haɗuwa ta sauka ta bayan cinya, sai a ji zafi kamar wutar lantarki, ko mintsini, ko dindiris a ƙafa, alhali ƙafar lafiyarta lau. Tari da atishawa sukan tayar da shi. Mafi yawa yana lafawa cikin mako 6 zuwa 12 da magani da motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi, ba tare da tiyata ba. Tsaga ko ƙaho a ƙafar ba sa kai wa inda matsalar take.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?

Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida su riƙa zuwa ba a sani ba. Mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da mazaunai, har mutum ya yi tsarki bai ji ruwa ba. Ƙafa tana ƙara rauni, tana ja a ƙasa, takalmi yana zamewa. Waɗannan suna nuna an danne laka ko wutsiyar doki, kuma awoyi ake ƙirgawa ba kwanaki ba. A nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, ko Asibitin Ƙwararru, ko a sa asibiti mafi kusa ya tura.

Haka ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko ya hana barci ko an kwanta. Haka wanda ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, da na wanda ya taɓa yin ciwon daji. Wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman lokacin bazara, a ɗauka sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Ba a manta da annobar 2017 a Zamfara da Sakkwato ba.

Me ya sa likita ya ƙi tura ni hoto?

Don hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna faifai ko laka; wannan sai wani hoto na musamman da ake kira MRI, mai tsada. Kuma idan aka ɗauki hoton mutanen da suka manyanta waɗanda ba sa jin ciwon komai, da yawansu za a ga faifansu ya lotse ko ya turo. Idan babu alamun da aka lissafa a amsar da ta gabata, hoto a makonnin farko ba ya canza magani, sai dai ya cinye kuɗi ya ƙara fargaba.

Tun da aka yi mini allurar baya wajen haihuwa nake ciwon baya. Ita ce ta jawo?

Hajiya, allurar ana yin ta ne a wajen L3/L4 ko ƙasa da haka, inda laka ta riga ta ƙare. Wurin yakan yi tsami na 'yan kwanaki, wasu kuma su yi ciwon kai mai tashi idan an zauna, shi ma yana da magani. Ciwon da ya daɗe kuwa ya fi kama da aikin cikin kansa. Ciki yana tura nauyi gaba, tsatso ya ƙara lotsawa, jijiyoyin ɗaurin kwankwaso su saki don shirin haihuwa, tsokar ciki ta buɗe. Bayan haka ga goyo, ga shayarwa a sunkuye, ga shara da gajeriyar tsintsiya, ga wanki a duƙe. Matan da suka haihu da kansu ma suna wannan kukan.

A wannan wurin ne kuma ake ɗibar ruwan baya, wato ruwan da ke kewaye da laka, don gwajin sanƙarau. Iyaye da yawa suna ƙi, wai yana gurgunta yaro. Jiki yana yin kusan rabin lita na ruwan nan kullum, ɗan abin da aka ɗiba nan da nan yake mayar da shi. Abin da ke nakasa yaro sanƙarau ne da aka bari ya yi nisa.

Me ke kawo doro?

Iri-iri ne. Na tsofaffi, musamman iyayenmu mata bayan ɗaukewar al'ada, ƙashi ne ke yin sakayau har dunƙulen ya lotse, Inna ta riƙa gajarta tana duƙawa. Na 'yan shekara 10 zuwa 15, wanda baya ke karkacewa gefe kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ya fi tsananta ga 'yan mata, kuma ba jakar makaranta ke kawo shi ba.

Wanda ya fi kamata a sani a ƙasarmu shi ne na tarin fuka. Ƙwayar tana iya barin huhu ta zauna a ƙashin baya ta ci shi, ko da mutum ba ya tari, har wani ƙullutu mai tsini ya fito a gadon baya, ƙafafu su fara nauyi. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya yi bayaninsa tun 1779. Yana warkewa da maganin tarin fuka, wanda ake bayarwa kyauta a cibiyoyin gwamnati, sai dai shan sa yakan kai shekara guda. Yaro ko babba mai ciwon baya na watanni tare da rama, a kai shi gwaji kafin a ce sammu ne.

Mai ɗori fa? Da sa yaro ya taka baya?

Ƙarar ƙas da ake ji idan an miƙe iska ce a ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma wurinsa ba. Tausa mai sauƙi da gashi da ruwan ɗumi suna sassauta tsoka, babu laifi. Taka bayan tsoho, ko mai tarin fuka na ƙashin baya, ko wanda ya faɗi, ganganci ne. Masu ɗori suna da wurinsu a zukatan mutane, amma karayar baya da ta wuya ba tasu ba ce, don ja ɗaya na iya sa karyayyen ƙashi ya yanki lakar da ta tsira daga haɗarin. Akwai Asibitin Ƙashi a Wamakko.

Idan aka yi haɗari a gabana, yaya zan ɗauki mutum?

A nan ne kyakkyawar niyya ke yin ɓarna. Jama'a su taru, wani ya kama hannu, wani ƙafa, kai yana reto, a naɗe mutum a cusa cikin Keke. Duk wanda ya faɗo daga babur, ko bishiya, ko gini, ko ya yi alkafura cikin gulbi kansa ya daki ƙasa, idan yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko ya suma, a ɗauka ƙashin bayansa ya karye. Idan babu wuta ko wani haɗari a wurin, a bar shi yadda yake, a kira jami'an kiyaye haɗurra a 122.

Idan dole sai an ɗauka, mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kai ya riƙe shi da hannu biyu kada ya motsa, shi ne kuma mai ba da umarni. Wasu uku su mirgina jikin gaba ɗaya a tare, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, a ɗora kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a tokare kan da naɗaɗɗun tufafi dama da hagu. A nemi motar da zai kwanta a miƙe. Kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa. Raunin saman wuya yana iya tsayar da numfashi, don jijiyoyin da ke motsa tantanin numfashi daga C3 zuwa C5 suke fitowa, saboda haka a sa ido kan ƙirjinsa a hanya.

Wanda lakarsa ta taɓu, yana sake tafiya?

Ya danganta da inda raunin yake da kuma girmansa. Na wuya yana shafar hannuwa da ƙafafu, na gadon baya ko tsatso ƙafafu kawai. Idan lakar ta ƙuje ne ko an danne ta, kuma akwai sauran ji ko ɗan motsi a ƙasa da raunin, ana samun ci gaba, mafi yawansa a watannin farko. Idan ta tsinke gaba ɗaya, har yau babu maganin da ke haɗa ta, a nan ko a waje, kuma iyalai da yawa sun sayar da gona a kan alkawarin da ba shi da tushe.

Abin da ke hannun masu jinya shi ne hana abubuwan da suka fi kashe irin waɗannan marasa lafiya, wato gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. A riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. A duba mazaunai, kwankwaso da duddugen ƙafa kullum, don ba zai ji zafin ba sai fata ta ɓare. Shimfiɗa ta zama busasshiya marar ƙudurƙudu, a kula da tsabtar robar fitsari, a ba shi ruwa isasshe, a kuma riƙa lanƙwasa masa gaɓoɓi ana miƙewa yadda masu gashin ƙashi suka nuna don kada su ƙage.